Shin Ƙin Soyayya da Mai Sauya Jinsi Ƙyama Ce? Fashin Baƙi Kan Muhawarar da Ta Raba Kan Ƙasashen Yamma

Idan mutum ya ce ba zai yi soyayya da wanda ya sauya jinsi ba, ƙyama ya nuna, ko kuwa abin da ke ransa ya faɗa kamar yadda kowa ke da nasa? Wannan tambaya ta fi shekara goma tana tayar da ƙura a Amurka da Birtaniya da Kanada. Ta raba abokai, ta raba ƙungiyoyin da a da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta sa BBC ta gyara labarin da ta wallafa, wani reshe nata ma ya kai gaban Kotun Ƙolin Birtaniya.

Mu a nan guntattakinta ne ke iso mana. Bidiyon daƙiƙa talatin, wani ya ɗora masa murya da Hausa, a watsa a zaurukan WhatsApp da rubutu a ƙasa wai yanzu a Turai ko ka auri ɗan daudu ko a ɗaure ka. Babu ƙasar da ta yi wannan doka. Amma muhawarar tana nan da gaske, tana da zafi, akwai waɗanda aka ci wa mutunci a cikinta, akwai ma waɗanda suka rasa rayukansu. Tunda yaranmu suna karatu da aiki a waɗancan ƙasashe, tunda kuma wayar da ke hannunsu ita ce ke hannun yaran can, gara mu san abin yadda yake.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Mai sauya jinsi shi ne wanda aka haifa da jikin namiji amma yake jin kansa mace, ko aka haifa da jikin mace take jin kanta namiji, sannan ya zaɓi ya rayu a kan abin da yake ji ɗin. Wasu a canza suna da sutura suke tsayawa. Wasu suna shan magungunan homon da ke canza gashi da fata da siffar jiki. Wasu su kai ga tiyata. Kalmar "sauya" tana sa a ɗauka kowannensu ya shiga ɗakin tiyata, alhali da yawa ba su shiga ba, kuma wannan yana da muhimmanci a muhawarar da za mu gani.

Mata-maza daban ne. Halitta ce, an haifi jaririn da gaɓoɓin da ba su fito fili ba. Malaman fiƙihu suna kiransa hunsa, sun yi masa bayani tun ƙarnoni da suka wuce, har da yadda za a ba shi gado. Ɗan daudu ma daban ne, kuma ya daɗe a ƙasar Hausa kafin wani ya ji sunan intanet: namiji mai ɗabi'ar mata a magana da tafiya, galibi da sana'ar abinci, da yawansu kuma suna da mata da 'ya'ya, ba sa cewa su mata ne. Luwaɗi da maɗigo kuma magana ce ta wanda mutum yake sha'awa. Mai sauya jinsi zai iya son maza, zai iya son mata. Duk wanda ya zuba waɗannan a tukunya ɗaya, ba zai gane komai a rigimar nan ba.

Sai kalmar da ake jifa da ita, tiransfobiya. "Fobiya" daga Girkanci take, ma'anarta tsoro, amma a bakin masu amfani da ita tana nufin ƙyama da tsana da nuna wariya ga masu sauya jinsi. A nan tushen rikicin yake. Da ita ake kiran wanda ya kashe mutum, da ita ake kiran wanda ya kori ma'aikaci, da ita kuma wasu ke kiran budurwar da ta ce ita dai ba ta so. Kalmar da aka ɗora wa kaya masu bambancin nauyi haka, dole ta kasa ɗauka.

Yawansu ba shi da girman hayaniyar. Binciken cibiyar Pew na 2022 ya nuna kashi 1.6 cikin 100 na manyan Amurkawa ne ke cewa jinsinsu ya bambanta da wanda aka haife su da shi, ko da yake a cikin 'yan ƙasa da shekara 30 adadin ya kai kusan kashi 5. Ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 ta samu mutum 262,000, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, daga baya ma hukumar ƙididdigar ta amsa cewa wasu waɗanda Turancinsu bai nuna ba sun yi wa tambayar gurguwar fahimta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire lamarin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, ta mayar da shi babin lafiyar jima'i.

Wani abu game da harshenmu. Bature zai iya fuskantar mutum ya yi masa magana ba tare da ya nuna jinsin da ya ɗauke shi ba. Bahaushe da ya buɗe baki sai ya zaɓi "kai" ko "ke". A nan zan kira mutanen da zan ambata yadda suka kira kansu, domin labarin ya fito sarai.

Inda rigimar ta faro

A can, neman masoyi ya koma cikin waya. Manhajar Tinder ta fito a 2012: a nuna maka hoto, ka ja dama idan ya yi maka, ka ja hagu idan bai yi ba. A da, idan ba ka son mutum sai ka kau da kai, babu wanda ya sani. Manhajoji sun mayar da wannan kau da kan rubutu. Mutum ya cike akwatuna, ya rubuta a shafinsa wa yake so, wa ba ya son gani. Abin da zuciya ke yi a ɓoye ya zama sanarwa, wanda aka ƙi kuma yana karantawa sau ɗari a rana. A Nuwamba 2016 Tinder ta ƙara zaɓin jinsi sama da 30, bayan masu sauya jinsi sun daɗe suna kukan cewa ana kai ƙararsu ana rufe musu shafi ba tare da sun yi laifin komai ba.

A 2012 ɗin nan dai, a Toronto, reshen ƙungiyar Planned Parenthood mai kula da lafiyar haihuwa ya shirya wani zama kan abin da wata mai fafutuka ta laƙaba wa suna "rufin auduga". Ta aro salon ne daga "rufin gilashi", wato shingen da ba a gani da ke hana mata hawa manyan muƙamai. Audugar kuwa kamfai take nufi. Abin da take cewa shi ne, mata 'yan maɗigo suna karɓar waɗanda suka sauya zuwa mata a taro da zanga-zanga, amma da an zo batun soyayya sai ƙofa ta rufe. Masu shirya zaman sun ce manufarsu tattauna tsangwama ce, ba tilasta wa kowa ba. 'Yan maɗigo da dama ba haka suka ji ba. Sun ji an kira tufafin jikinsu shingen da za a keta. A ganina suna da dalilin jin haka, domin duk abin da mai magana yake nufi, kalmar da ya zaɓa mummuna ce. A Yuli 2018 wasu tsirarun 'yan maɗigo masu kiran kansu Get the L Out suka kutsa gaban jerin gwanon 'yan jinsi ɗaya na Landan da kwalaye, suna cewa ana son a shafe su.

A shekarar ce kuma aka fitar da binciken da kowane ɓangare ke ɗagawa har yau. Karen Blair da Rhea Ashley Hoskin, masana a Kanada, sun tambayi mutum 958 waɗanne jinsuna za su iya yin soyayya da su. Kashi 87.5 cikin 100 ba su saka masu sauya jinsi ba. A cikin maza masu son mata da mata masu son maza, waɗanda suka saka su ba su wuce kusan kashi 3 ba. 'Yan maɗigo kusan kashi 29, masu son jinsi biyu kusan rabi. Ɓangare ɗaya ya ce ga shaidar wariya. Ɗayan ya ce ga shaidar cewa sha'awa da jiki take tafiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, binciken bai tambayi mutanen dalilinsu ba. Wanda ya ƙi saboda yana son haihuwa, da wanda ya ƙi saboda addininsa, da wanda ya ƙi saboda tsana, duk akwati ɗaya suka bari babu alama.

Shekarar 2021 ce ta kai abin maƙura. A Fabrairu wani matashi ya saki bidiyo a TikTok yana cewa tunda ana kiransa mai ƙyama, ya ƙirƙiro wa kansa sabon rukuni mai suna Super Straight, wato namijin da macen haihuwa kawai yake so. Cikin kwanaki aka yi masa tuta baƙi da ruwan lemo, masu tsokana na dandalin intanet na 4chan suka rungume shi, wasunsu har da alamomin 'yan Nazi. TikTok ta toshe taken, Reddit ta rufe zauren. Maganar da ta fara da "ni dai ga wadda nake so" ta koma ganga ta zagi.

A Oktoba BBC ta wallafa labarin wasu 'yan maɗigo da suka ce ana matsa musu lamba su kwanta da waɗanda suka sauya zuwa mata. Dubban mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi. An gano cewa ƙididdigar da labarin ya kawo ta mutum 80 ce kacal, kuma Get the L Out ce ta tattara ta a tsakanin mabiyanta. A 2022 sashen sauraron ƙorafi na BBC ya yanke cewa labarin bai cika ƙa'idar daidaito ba, aka canza kanun. Wannan bai nuna matan ƙarya suka yi ba. Ya nuna an ɗauki abin da ya faru da wasu an gabatar da shi kamar ruwan dare.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Hujjar masu cewa zaɓi ne gajeriya ce, kuma mai ƙarfi. Jikin mutum nasa ne. Idan ya ce a'a, magana ta ƙare, ba ya buƙatar kawo dalili, dalilin ma ba sai ya gamsar da kowa ba. Sha'awar yawancin mutane tana tafiya da jikin da aka haifi mutum da shi. Wani yana son 'ya'yan cikinsa. Wani addininsa ya hana: mafi yawan malaman Musulunci sun haramta sauya jinsi ga mai cikakkiyar halitta, sun halatta gyara ga mata-maza, kuma manyan coci-coci da dama suna da matsaya makamanciyar wannan. Idan aka ce wa mutum "ko ka yarda ko mu kira ka mugu", an tilasta masa ne ta wata hanya, ko da babu wanda ya riƙe hannunsa. A wannan gaɓar ina tare da su ba tare da wani sharaɗi ba.

Ɗaya ɓangaren an fi yi masa ƙarya, don haka zan daɗe a kansa. Akwai masu zafin kai a intanet da ke cewa duk wanda ya ƙi su maƙiyi ne, amma manyan ƙungiyoyinsu ba haka suke faɗa ba. Nancy Kelley, wadda ke shugabantar ƙungiyar Stonewall mai kare haƙƙin 'yan luwaɗi da maɗigo da masu sauya jinsi a Birtaniya a lokacin labarin BBC, ta ce kada a matsa wa kowa ya yi soyayya da wanda ba ya so, amma idan mutum ya ga yana soke rukunin mutane gaba ɗaya, kamar baƙar fata ko masu ƙiba ko naƙasassu ko masu sauya jinsi, ya kamata ya tambayi kansa ko son zuciyar al'umma ne ya gina masa wannan ra'ayi. Suna kafa hujja da alƙaluman da manhajar neman masoyi ta OkCupid ta fitar a 2014, waɗanda suka nuna mata baƙar fata da mazan Asiya ne aka fi ba wa maki kaɗan. Kowa a cikin masu ba da makin zai ce ra'ayinsa ne, amma ra'ayin miliyoyin mutane ya karkata daidai inda wariyar ƙasar ta karkata. A Yuni 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, manhajar Grindr ta maza masu neman maza ta sanar da cire tacewa ta launin fata.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a wurina, domin na ga irinta a gidanmu. Wani malamin makaranta ya nemi 'yar gwaggona. Ina tuna shi a durƙushe a zaure yana gaida kawu, takalmansa a waje, muryarsa ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya samu abin kushewa a halinsa. Sai bincike ya nuna mahaifinsa mahauci ne. Tsofaffin gidan suka ce, "Ba ma haɗa iri da su." Aka yi ta nanatawa a tsakar gida, a wurin tankaɗe, a wurin kitso. Bayan wata biyu yarinyar da a da take wanka tun la'asar idan zai zo, da bakinta ta ce, "Ni dai bai kwanta mini a rai ba." Ba ƙarya take yi ba. Ya daina kwanta mata a rai ɗin. An cusa mata abin har ya zama nata. Da wani ya ce sai ta aure shi dole, da ya zalunce ta. Amma abin da aka faɗa a kan bawan Allahn nan da iyayensa zalunci ne, har yau kuma yana ci mini rai. Haka muke yi wa 'ya'yan wanzamai da maƙera da maroƙa, haka muke yi wa bazawara, haka 'yan mata ke ɓata fatarsu da man bilicin saboda samari sun ce fara suke so.

To amma kwatancen yana da iyaka, kuma masu kawo shi ba sa son faɗar iyakar. Sana'ar uba ko launin fata ba ya canza komai a abin da aure ya ƙunsa. Jinsin jiki kuwa shi ne ainihin abin da sha'awa take kallo, shi ne ke yanke batun haihuwa. Namijin da ya ce macen haihuwa yake so ba wata tsohuwa ce ta cusa masa ba. Saboda haka ba na yarda a ce ƙin soyayyar shi kaɗai ƙyama ce.

Inda ƙyamar take fitowa shi ne abin da ke biyo bayan "a'a". Shin ya ƙi ne ya wuce, ko sai ya ɗauki hoton shafin ya watsa ana dariya? Shin soyayya kawai ya ƙi, ko kuwa ba zai ba shi hayar ɗaki ba, ba zai ɗauke shi aiki ba, ba zai amsa gaisuwarsa ba? Mutumin da babu mai sauya jinsin da ya taɓa nemansa, amma kullum yana sanarwa cewa sun ba shi ƙyanƙyami, ba zaɓinsa yake karewa ba, domin babu wanda ya taɓa zaɓin nasa.

Batun ɓoyewa, inda jini ya zuba

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: dole ne mai sauya jinsi ya faɗa, kuma yaushe?

A Ingila kotu ta taɓa batun. A shari'ar McNally ta 2013, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa yaudara kan jinsi tana iya rushe amincewar da aka bayar, wato abin da aka yi da yarda zai iya zama laifin cin zarafi idan an samu yardar ta hanyar ƙarya. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. A mazhabar Malikiyya, wanda aka ɓoye wa wasu aibobi kafin aure, kamar hauka ko kuturta ko abin da ke hana saduwa, yana da zaɓin warware auren. A 2024 Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka. Tushen duk ɗaya ne: mutum ya san abin da yake shiga. Ni ma ina ganin wajibi ne a faɗa kafin a kai ga kusanta, kuma da yawa daga masu sauya jinsi haka suke yi, suna rubutawa a shafinsu tun farko.

Amma ga abin da ke sa wasunsu jinkiri. A Oktoba 2002, a garin Newark na jihar Kalifoniya, wasu samari huɗu suka tsare Gwen Araujo, 'yar shekara 17, a wani gida da ake shagali. Biyu daga cikinsu sun taɓa mu'amala da ita. Da suka tabbatar an haife ta namiji, suka yi ta dukanta, suka shaƙe ta, suka kai gawar daji mai nisa suka binne. A kotu aka kare su da cewa firgici da jin an yaudare su ne suka gusar da hankali. Shari'ar farko a 2004 ta watse saboda masu yanke hukunci sun kasa haɗa baki. Sai a 2005 aka samu biyu da laifin kisa. A Oktoba 2014, a Olongapo ta ƙasar Filifin, sojan ruwan Amurka Joseph Scott Pemberton ya kashe Jennifer Laude, mai sauya jinsi, a ɗakin otal, ya kuma kawo irin wannan uzuri. An same shi da laifi a Disamba 2015, Shugaba Duterte ya yi masa afuwa a Satumba 2020.

Uzurin nan ya yi yawa a kotunan Amurka har Ƙungiyar Lauyoyin ƙasar ta nemi a hana shi a 2013, Kalifoniya ta zama jiha ta farko da ta haramta shi a 2014, wasu jihohin suka biyo baya. Wanda aka yaudara yana da haƙƙin fushi, ya tashi ya fita, ya kai ƙara. Ba shi da haƙƙin taɓa ran kowa. Sannan a duba halin da wancan yake ciki: idan ya faɗa da wuri, a watsa shi a intanet, idan ya faɗa a ɗaki, a iya kashe shi, idan bai faɗa ba, ya ci amana. Duk wanda yake son a riƙa faɗa masa gaskiya, sai ya yarda cewa mai faɗar zai fita da ransa da mutuncinsa.

Me doka ta ce, kuma me ya shafi namu da ke can?

Dokokin hana wariya a waɗannan ƙasashe sun shafi aiki, haya, makaranta, asibiti da kasuwanci. Ba su shafi wanda za ka so ko ka aura ba. A Birtaniya Dokar Daidaito ta 2010 ce ke kare masu sauya jinsi daga kora da tsangwama. Ita ce kuma, bisa hukuncin 2021 a shari'ar Maya Forstater, matar da ta rasa aikinta saboda ra'ayinta kan jinsi, ke kare wanda ya yi imani cewa jinsin haihuwa ba ya canzuwa, da sharaɗin kada ya mayar da imanin nasa hanyar muzguna wa abokin aiki.

A ranar 16 ga Afrilu 2025 alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka yanke baki ɗaya cewa kalmar "mace" a cikin waccan doka tana nufin jinsin haihuwa. Ƙungiyoyin 'yan maɗigo sun shiga shari'ar, kotun kuma ta yi la'akari da haƙƙinsu na kafa ƙungiya tasu su kaɗai. Lord Hodge, wanda ya karanta hukuncin, ya gargaɗi jama'a kada su ɗauke shi a matsayin nasarar wani rukuni a kan wani, domin kariyar masu sauya jinsi tana nan. A Amurka, ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu ta sani. Iska ta juya ke nan daga inda take kaɗawa a 2021, kuma masu sauya jinsi da yawa suna cikin fargaba.

Ga ɗalibinmu da ke Manchesta ko Toronto, abin a sauƙaƙe yake. Babu mai kama ka don ka ce a'a. Ka faɗa da ladabi ka wuce. Abin da zai iya raba ka da makaranta ko aiki shi ne zagi, da watsa hoton mutum, da tona asirinsa.

Barira da Mugisu, da kuma tasha

Akwai labarin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas wanda kullum nake tunawa idan ana wannan gardama, duk da bai shafi sauya jinsi ba. Da Nana A'isha ta 'yanta Barira, aka ba ta zaɓi kan aurenta da Mugisu, ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa binta a hanyoyin Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausaya masa har ya ce mata da ma ta koma. Ta tambaya, umarni ne? Ya ce ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa. Ba a tilasta mata ba, ba a tambaye ta dalili ba, ba a kira ta muguwa ba. Shi ma Mugisu ba a yi masa dariya ba, shugaban halitta ne ya je nema masa alfarma.

A Najeriya muhawarar ba ta da wannan siffa ta Yamma. Dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, jihohi 12 na Arewa suna da shari'ar Musulunci, babu kuma wanda ke kiran saurayi mai ƙyama don ya ce mace yake so. Abin da ke tsallakowa zuwa gare mu shi ne zagin, ba tare da gardamar ba, kuma yana sauka a kan waɗanda ba su san ana yi ba. Yana sauka a kan yarinyar da aka haifa mata-maza, wadda iyayenta suka ɓoye shekara da shekaru saboda kunya maimakon su kai ta asibiti, yau kuma ana cewa ita ce ta sauya kanta. Yana sauka a kan namiji mai siririyar murya, da mace mai gashin haɓa.

Kwanakin baya ina jiran mota ta cika a wata tasha, na zauna a rumfar wani ɗan daudu mai tuwo, dattijo ne da furfura a gemu. Wasu samari uku suka tsaya a bakin rumfar, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukarsa, sauran suna kiransa Bobrisky, sunan wani sanannen mai shigar mata na Legas, suna tambayarsa nawa aka yi masa tiyata. Da alama bai san sunan ba. Ya dubi wayar, ya dubi mutanen da ke cin abinci a kan bencinsa, babu wanda ya ɗaga kai. Ni ma ban ce komai ba, kuma ina jin nauyin wannan shirun har yanzu. Ya goge hannu a zanin da ya ɗaura a ƙugu, ya ɗauki ludayi, ya tambaye ni ko a ƙara mini miya.